Sanƙarau: tambayoyi da amsoshi kan ciwon da ba ya jira

Sanƙarau yana cikin cututtuka ƙalilan da kan iya kwantar da mutum da safe, kafin wayewar gari ya riga mu gidan gaskiya. Maganinsa sananne ne kuma yana aiki, amma da sa'o'i ake lissafinsa, ba da kwanaki ba. Ga tambayoyin da aka fi yi a kansa.

Mene ne sanƙarau, kuma ina yake kamawa?

Ƙwaƙwalwa da laka ba haka nan suke zaune cikin ƙoƙon kai da ƙashin baya ba. Tantani uku ne suka lulluɓe su. Na waje yana da kauri da tauri, yana jingine da ƙashi. Na tsakiya kamar saƙar gizo-gizo yake. Na ciki kuwa siriri ne, ya lafe a jikin ƙwaƙwalwa yana bin kowane lungu nata. Tsakanin na tsakiya da na ciki akwai wani ruwa garai-garai, kimanin mililita 150 a jikin baligi, kuma jiki yana samar da kusan mililita 500 a kullum, wato ana sabunta shi wajen sau uku a yini. Wannan ruwa shi ne matashin ƙwaƙwalwa, shi ke tare mata bugu, shi ke kwashe mata datti.

Kumburin waɗannan tantani shi ne sanƙarau. Abin da ya sa yake da muni shi ne, wannan ruwa kusan ba shi da masu gadi. Fararen ƙwayoyin jini da ke yaƙi da cuta ba su da yawa a cikinsa, don haka ƙwayar cuta da ta samu ta kutsa sai ta yi ta hayayyafa ba mai ce mata kanzil. Sa'ad da garkuwar jiki ta farga ta turo dakarunta, faɗan da ake yi a wurin shi ke haddasa kumburi da mugunya. Ƙoƙon kai kuma ba ya buɗewa. Da ƙwaƙwalwa ta kumbura sai matsi ya ƙaru, jinin da ke kai mata iska ya ragu, sassanta su fara lalacewa.

Sanƙarewar wuya, wadda daga gare ta ciwon ya samo sunansa, tana da dalili. Sunkuyar da kai yana jan tantanin da ya kumbura, sai naman wuya ya ɗaure don ya hana motsin.

Duk sanƙarau iri ɗaya ne?

A'a, kuma bambancin yana da girma ƙwarai.

Wanda bairos ke kawowa shi ya fi yawa a ƙasashe da dama, kuma shi ya fi sauƙi. Yawancin masu shi kan warke cikin kwana 7 zuwa 10 da hutu da ruwa da maganin ciwon kai. Bairos ɗin da ke zama cikin hanji su ne kan gaba wajen kawo shi, haka ma na hangum a inda ba a yi rigakafinsa ba.

Na bakteriya shi ne mai kisa. A ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya, cikin mutum shida da suka kamu da shi ɗaya yakan rasu, cikin biyar kuma ɗaya yakan tashi da wata babbar naƙasa. Ƙwayoyi huɗu ne suka fi kawo shi: meningokokas, wadda ita ce ke ta da annoba, numokokas, wadda ita ce kuma ke kawo ciwon huhu da ciwon kunne, kuma sanƙarau ɗinta ya fi kisa da barin naƙasa, Hib, mai kama yara 'yan ƙasa da shekara biyar, sai sitireftokokas rukunin B, wadda jariri kan ɗauka daga mahaifiyarsa wajen haihuwa. Akwai kuma listeriya, da ke shiga ta gurɓataccen abinci, ta fi kama masu juna biyu da jarirai da tsofaffi.

Abin da za a riƙe shi ne, a sa'o'in farko babu wanda zai iya duban maras lafiya ya ce wannan na bairos ne, wancan na bakteriya. Likita ma sai ya gwada. Saboda haka duk wanda ake zargi ana ɗaukarsa a matsayin mai na bakteriya har sai gwaji ya ce ba haka ba.

Yaya ake ɗaukarsa?

Ƙwayar meningokokas a jikin ɗan Adam kaɗai take rayuwa, a can bayan hanci da maƙogwaro. Ba dabbobi ke yaɗa ta ba, ba sauro ba, ba ruwan sha ba. Tana bin feshin tari da atishawa da yawu, kuma ba ta daɗewa da rai a wajen jiki, don haka sai an yi cuɗanya ta kusa kuma mai tsawo: kwana ɗaki ɗaya, sumbata, shan abu da kofi ɗaya, zama a cunkushe inda iska ba ta ratsawa.

Abin da kan ba mutane mamaki shi ne, kusan mutum ɗaya cikin goma yana ɗauke da ita a maƙogwaro ba tare da ko ciwon kai ba, kuma a lokacin annoba adadin yakan ƙaru. Mafi yawan masu kamuwa daga irin waɗannan lafiyayyun suke ɗauka, ba daga majinyaci ba. A wajen mutane ƙalilan ne ƙwayar kan huda fatar maƙogwaro ta shiga jini, daga nan ta haura ƙwaƙwalwa. Daga ɗauka zuwa bayyanar ciwo yawanci kwana huɗu ne, amma yana iya zama daga 2 zuwa 10.

Waɗanda suka fi shiga hatsari: jarirai, matasa da ke kwana a ɗakunan makaranta ko barikin soja, masu shan taba da waɗanda ke shaƙar hayaƙinta, masu sikila, waɗanda aka cire wa saifa, masu cutar ƙanjamau, da wanda ya taɓa fashewar ƙashin gindin kai har ruwan ƙwaƙwalwa yana ɗiga ta hanci ko kunne.

Waɗanne alamomi ne a jikin babba da yaron da ya tasa?

Zazzaɓi mai tasowa farat ɗaya, ciwon kai mai tsanani irin wanda mutum zai ce bai taɓa jin kamarsa ba, amai, ƙin haske, sanƙarewar wuya, ruɗewa ko sambatu, barcin da tashinsa ke da wuya, wani lokaci da jijjiga.

A nan ne aka fi yin kuskuren da ke cin rai, wato jiran alamomin su cika. Wani bincike da aka yi a ƙasar Holan, aka buga a 2004, ya duba manya da suka yi sanƙarau na bakteriya har sau 696. Kashi 44 cikin ɗari ne kawai suka haɗa zazzaɓi da sanƙarewar wuya da gushewar hankali duka ukun. Amma kashi 95 suna da aƙalla biyu daga cikin huɗun nan: ciwon kai, zazzaɓi, sanƙarewar wuya, gushewar hankali. Biyu sun isa a tafi asibiti.

Gwada wuya ba wuya. A kwantar da mutum rigingine ba matashi, a sa hannu a ƙeyarsa, a ɗago kan a hankali don haɓa ta taɓa ƙirji. Mai sanƙarau zai ji zafi, wuyan ya ƙi lanƙwasa, wani ma sai ka ga gwiwoyinsa sun naɗe da kansu. Juya kai hagu da dama yakan yiwu, sunkuyawar ce ke gagara. Amma wuya mai laushi ba ya wanke mutum daga zargi, musamman tsoho da ƙaramin yaro.

Akwai kuma alamomin da kan riga waɗannan zuwa idan ƙwayar ta fi yawa a cikin jini: ciwon ƙafafu har yaro ya ƙi tsayawa, hannu da ƙafa su yi sanyi ƙalau alhali jiki na ci da wuta, fata ta koɗe ko ta yi dabbare-dabbare, numfashi ya yi sauri. Waɗannan kan fito sa'o'i kafin wuya ya sanƙare.

Jariri fa, tun da ba ya magana?

Jariri yawanci ba ya sanƙarewar wuya ko kaɗan. Abin dubawa shi ne ƙin kama nono, amai, kuka mai tsini da ba a saba ji ba ko kuma nishi, da rashin son a ɗauke shi. Jariri mai lafiya yakan yi shiru idan an rungume shi, mai sanƙarau kuwa ɗaukar ce ke ƙara masa kuka, domin motsi yana fama masa ciwo. Jiki yana iya saki laƙwas, ko ya ƙage baya ya banƙare. Ido kan ƙafe wuri ɗaya.

A duba maɗiga. A zaunar da jaririn a tsaye lokacin da ba ya kuka, a shafa ta da yatsa. Ta lafiya a shafe take ko ta ɗan lotsa kaɗan. Idan ta kumburo ta yi tauri, alama ce ta matsi a cikin kai. Kada a duba yana kwance ko yana tsala kuka, domin a lokacin takan taso ko da lafiya.

Ɗan ƙasa da wata uku da zafin jikinsa ya kai digiri 38 a ma'aunin Salsiyas asibiti ya kamata ya kwana da saninsa, ko da babu wata alama. Sabon haihuwa ma yana iya yin sanƙarau jikinsa ya yi sanyi maimakon zafi.

Mene ne gwajin tambulan da ake faɗa?

Idan meningokokas ta cika jini, gubarta tana lalata ƙananan jijiyoyi, jini ya riƙa tsattsafowa ƙarƙashin fata. Da fari za a ga ɗige-ɗige ja ko ruwan ƙasa kamar an tsira allura, daga baya su haɗe su zama kamar kwanciyar jini bayan duka.

A sami tambulan na gilashi wanda ake gani ta cikinsa, a danna gefensa da ƙarfi a kan ƙurajen, a leƙa. Ƙurajen zafi ko na ƙyanda kan dushe su ɓace a ƙarƙashin matsi, domin jinin yana cikin jijiya, dannawa ta kore shi. Na wannan ciwo ba sa ɓacewa, ana ganinsu raɗau ta cikin gilashin, domin jinin ya riga ya fito waje. A fata mai duhu ɗige-ɗigen suna ɓuya, don haka a duba inda fata ta fi haske: tafin hannu, tafin ƙafa, cikin fatar ido, da ganɗa. A tuɓe yaron gaba ɗaya a wuri mai haske, har ƙarƙashin kamfai da hammata.

Ƙurajen da ba sa ɓacewa a ƙarƙashin gilashi, ga kuma zazzaɓi, gaggawa ce ta ƙarshe. Rashinsu kuma ba ya nufin komai, domin sanƙarau na numokokas da na Hib galibi ba sa zuwa da ƙuraje, na meningokokas ma sukan makara.

Yaya za a bambanta shi da zazzaɓin cizon sauro?

A gida ba za a iya ba. Dukansu suna kawo zazzaɓi da ciwon kai da amai, kuma maleriyar da ta taɓa ƙwaƙwalwa tana kawo jijjiga da dogon suma kamar sanƙarau. Abin da ya fi ruɗarwa shi ne, a inda maleriya ta yi yawa mutum yana iya ɗauke da ƙwayarta a jini alhali ba ita ke kwantar da shi ba. Gwajin maleriya ya nuna akwai, a ba da maganinta, a koma gida, sanƙarau na nan yana cin ƙarfinsa. Duk wanda hankalinsa ya gushe ko wuyansa ya sanƙare ko ya yi jijjiga, a tambayi likita kai tsaye ko an duba sanƙarau, ko da gwajin maleriya ya nuna.

Me za a yi kafin a isa asibiti?

Tafiyar ita ce aikin farko, kuma asibitin da ke da gado da allurar jijiya za a nufa. Idan an sallami mutum da safe sannan ya ƙara rikicewa da yamma, a koma a take, ba sai gobe ba. Sallamar farko ba laifin kowa ba ce dole, domin a sa'o'in farko ciwon kamar mura yake.

A hanya, wanda ba ya cikin hayyacinsa a kwantar da shi ta gefe don kada amai ya shige masa huhu. Kada a ɗura masa ruwa ko magani. Idan yana jijjiga, a kawar da abin da zai ji masa ciwo, kada a danne shi, kada a cusa masa cokali ko yatsa a baki. Farasitamol yana sauke zazzaɓi amma ba ya taɓa ƙwayar cutar, saukar zafin jiki ba sauƙi ba ne. Ƙwayoyin maganin bakteriya na haɗiya da aka saya ba da takardar likita ba ba sa isa ruwan ƙwaƙwalwa da ƙarfin da ake buƙata. Abin da suke yi shi ne su dushe alamomi su kuma ɓata sakamakon gwaji. Idan an riga an sha, a tafi da kwalin a nuna.

Gaskiya ne ɗibar ruwan baya tana gurgunta mutum?

Ba gaskiya ba ne, kuma wannan tsoro ya sa iyalai da yawa sun hana a yi gwajin da ya fi kowane muhimmanci. Likita Bajamushe Heinrich Quincke ne ya fito da wannan hanya a 1891, ana yinta tun lokacin.

Laka ba ta kai ƙarshen ƙashin baya ba. A jikin baligi tana ƙarewa ne daidai gaɓa ta ɗaya ko ta biyu ta ƙashin kwankwaso. Allurar kuwa tsakanin gaɓa ta uku da ta huɗu ake sa ta, ko ta huɗu da ta biyar, wato ƙasa da inda lakar ta tsaya. A wurin zaren jijiyoyi ne kawai ke iyo cikin ruwa, suna kaucewa idan allura ta zo. Ana kwantar da mutum ta gefe, ya naɗe gwiwoyi zuwa ƙirji ya sunkuyar da kai don gaɓoɓin su buɗe. Mai yi zai shafa saman ƙasusuwan ƙugu biyu, layin da ya haɗa su shi ke nuna masa wurin. A wanke fata da maganin kashe ƙwayoyin cuta, a yi allurar kashe zafi, a tura siririyar allura a hankali. Ba a zuƙo ruwan da sirinji, barinsa ake yi ya ɗiga da kansa cikin ƙananan kwalabe uku ko huɗu. 'Yan mililitocin da aka ɗiba jiki yakan mayar da su cikin sa'a ɗaya ko makamancin haka.

Abin da ya fi biyo baya shi ne ciwon kai mai ƙaruwa idan an tashi zaune, ya lafa idan an kwanta, kuma yakan wuce cikin kwanaki. Naƙasar da ake gani bayan jinya aikin ciwon ne, ba na allurar ba. Akwai dai lokutan da likita kan ɗage gwajin: idan akwai alamar matsi mai yawa a kai, kamar dogon suma ko ƙwayar ido ɗaya ta fi ɗaya buɗewa ko shanyewar ɓarin jiki, idan bugun jini ya faɗi, idan jini ba ya daskarewa, ko idan akwai ƙurji a daidai wurin. A irin wannan hali magani ake farawa, gwaji ya biyo baya.

Me ake gani a ruwan?

Na lafiya garai yake kamar ruwan sha. Na sanƙarau na bakteriya sau da yawa a gurɓace yake fitowa, fari-fari, wani har da kauri, tun a ido an san akwai magana. A ɗakin gwaji ana ƙirga fararen ƙwayoyin jini: a mai lafiya ba sa wuce biyar a ma'auni guda, a nan kuwa sukan kai ɗaruruwa ko dubbai. Sukarin ruwan, wanda ya kamata ya kai wajen kashi biyu cikin uku na sukarin jini, yakan faɗi ƙasa da kashi 40 cikin ɗari. Furotin kuma ya hau. A na bairos ruwan yakan kasance garai, sukari bai faɗi ba. Sannan a rina ruwan a duba ƙwayar da madubin likita, a kuma shuka ta don a san irinta da maganin da ke kashe ta. Shukar kan ɗauki kwana ɗaya zuwa uku, shi ya sa ba a jiranta.

Wane magani ake bayarwa, kuma na tsawon wane lokaci?

Burin shi ne allurar farko ta shiga jijiya cikin sa'a guda da isowa. Maganin da aka fi farawa da shi shi ne seftiriyazon: giram 2 kowace sa'a 12 ga babba, ga yaro kuwa miligiram 100 a kowane kilo na nauyinsa a yini. Wannan ya ninka abin da ake bayarwa a wasu cututtuka, domin akwai shinge tsakanin jini da ƙwaƙwalwa, kaɗan ne daga maganin ke tsallakewa. Tsofaffi da masu raunin garkuwa ana ƙara musu amfisilin saboda listeriya, wadda seftiriyazon ba ya kashewa. Sabon haihuwa, musamman mai shawara, akan kauce masa seftiriyazon a yi amfani da wani haɗin.

A asibitoci da yawa ana haɗawa da deksametazon don rage kumburi, miligiram 10 kowace sa'a shida na kwana huɗu ga babba. Amfaninsa yana ga a ba da shi kafin allurar farko ko tare da ita, domin mutuwar ƙwayoyin cutar da yawa a lokaci guda tana ƙara hura kumburin.

Tsawon jinya ya danganta da ƙwayar: meningokokas kwana 5 zuwa 7, Hib 7 zuwa 10, numokokas 10 zuwa 14, sitireftokokas rukunin B 14 zuwa 21, listeriya 21. Abin da ya fi ɓata jinya shi ne cire majinyaci daga asibiti a kwana na uku don ya farfaɗo ya nemi abinci. Ƙwayar ba ta gama mutuwa ba, ciwon yana iya dawowa, ko mugunya ta taru a cikin kai.

Mu da muke gida ɗaya da shi fa?

Idan meningokokas ce, waɗanda suka kwana gida ɗaya da shi ko suka taɓa yawunsa a cikin kwana bakwai kafin ya kwanta ana ba su maganin share ƙwayar daga maƙogwaro. Ga babba, ƙwayar sifurofulozasin miligiram 500 sau ɗaya tak, ko rifamfisin miligiram 600 safe da yamma na kwana biyu, ko allurar seftiriyazon miligiram 250 sau ɗaya, wadda ita aka fi ba masu juna biyu. Rifamfisin yana mai da fitsari da hawaye ruwan lemo, ba abin tsoro ba ne, amma yana raunana ƙwayoyin tazarar haihuwa. An fi son a sha cikin sa'a 24, bayan mako biyu kuwa ba shi da wani amfani. Ma'aikacin lafiya ne zai tantance wa ya cancanta da adadin na yara. Wanda ya gaisa da majinyacin kawai ko suka haɗu a hanya ba ya buƙata.

Shan maganin ba ya ɗauke sa ido: kwana goma ana lura da kowa. Shi kuma majinyacin, bayan sa'a 24 da fara maganin da ya dace ba ya yaɗa cutar, babu dalilin gudunsa. Sanƙarau na numokokas ba a ba 'yan gida magani a kansa.

Wace illa yake bari bayan an warke?

Kurumta ce kan gaba. Kumburin yana bi ta wata siririyar hanya ya shiga dodon kunne na can ciki, ya kashe ƙananan gasun da ke karɓar sauti, kuma ba sa sake tsirowa. Wani abu da ba kowa ya sani ba shi ne, cikin makonni kaɗan ƙashi kan fara tsirowa ya cike wannan dodon kunne. Idan ya cike, dasa na'urar ji yakan yi wuya ko ya gagara. Saboda haka ake so a gwada jin duk wanda ya yi sanƙarau na bakteriya kafin sallama ko cikin mako huɗu. A yaron da bai fara magana ba, kurumtar da ba a gano ba ita ke zama bebantaka.

Sauran sun haɗa da farfaɗiya, raunin gani, shanyewar wani sashe, da taruwar ruwa a kai, wadda a jariri ake ganewa da girman kai fiye da ƙima, don haka ake auna kewayen kansa a kowace ziyara. Idan gubar jini ta toshe jijiyoyi, yatsu ko ƙafa kan mutu har a yanke. Akwai kuma illolin da ba a gani da ido: mantuwa, saurin fushi, gajiya, wahalar karatu. Waɗannan wani lokaci ba sa bayyana sai yaro ya shiga makaranta, a yi ta ce masa daƙiƙi alhali tabon ciwo ne. Ya kamata malamansa su san ya taɓa yi.

Me ya sa annobarsa ta fi yawa a wasu ƙasashe da wani lokaci na shekara?

Sanƙarau yana ko'ina a duniya. A Janiba ta ƙasar Suwizalan aka fara bayyana annobarsa a rubuce a 1805, kuma a Biyana Anton Weichselbaum ya gano ƙwayar meningokokas a 1887. Amma inda ya fi tsanani shi ne wani zirin ƙasa a kudu da Sahara, daga Senegal zuwa Habasha, da ya ratsa ƙasashe 26. Likitan sojan Faransa Léon Lapeyssonnie ne ya zayyana shi a 1963. A wannan yanki ciwon yakan taso a lokacin rani, tsakanin Disamba da Yuni, ya lafa da saukar damina. Busasshiyar iska da ƙura suna tsattsaga fatar hanci da maƙogwaro, mura da tari su ƙaru, ƙwayar da take zaune lafiya ta sami ƙofa. Annobar 1996 zuwa 1997 ta kama fiye da mutum 250,000 a yankin, ta kashe kimanin 25,000.

Ma'aikatan lafiya suna da ma'auni. A gundumar da ke da mutum 30,000 zuwa 100,000, idan aka sami uku cikin dubu ɗari a mako guda an shiga faɗakarwa, idan suka kai goma annoba ce, sai a fara rigakafin gayya. Wannan lissafi ba ya yiwuwa sai an kai marasa lafiya asibiti an rubuta su.

Wace rigakafi ke akwai?

Babu allura guda da ta rufe duka. Ita meningokokas kanta rukuni 12 ce, shida daga ciki ke kawo yawancin ciwo: A, B, C, W, X da Y, kuma rigakafin ɗaya ba ta kare ɗaya.

Rukunin A shi ne ya daɗe yana ta da manyan annoba a Afirka. A Disambar 2010 aka fara allurar MenAfriVac a Burkina Faso ga 'yan shekara 1 zuwa 29, sannan ta bazu a yankin, har rukunin A ya kusa ɓacewa. Sirrinta shi ne an ɗaura sukarin ɓawon ƙwayar a kan furotin. Wannan ya sa jikin ƙananan yara ke amsa ta, kariyar ta daɗe, kuma tana share ƙwayar daga maƙogwaro, sai wanda ba a yi wa ba ma ya amfana. Tsofaffin alluran ba su da wannan. Da A ya ja baya sai C da W da X suka ci gaba da ɓarna, shi ya sa aka samar da mai rufe biyar, A, C, W, X da Y, wadda Nijeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da ita a 2024. Rukunin B, wanda ya fi damun Turai, allurarsa daban ce, Birtaniya ta sa ta cikin rigakafin jarirai a 2015. Saudiyya kuma tana wajabta wa mahajjata allurar A, C, W da Y aƙalla kwana goma kafin isowa, bayan ɓarkewar rukunin W a aikin hajjin 2000 da 2001.

Alluran jarirai na yau da kullum su ma rigakafin sanƙarau ne, ko da ba a kiransu da sunan. Ta Hib tana cikin allurar nan mai haɗe da cututtuka biyar, ta numokokas kuma tare ake yinsu, a ƙasashe da yawa a mako na 6 da na 10 da na 14. Wanda aka yi wa ɗaya aka bar biyu bai sami cikakkiyar kariya ba. Jiki yana buƙatar kwana 10 zuwa 14 kafin allura ta fara aiki, kuma wanda aka yi wa rigakafi, ko wanda ya taɓa yin ciwon, yana iya kamuwa da wani rukunin ko wata ƙwayar. Alamomin nan na sama suna nan da hukuncinsu ko da katin rigakafi a cike yake.

Akwai sanƙarau da ke zuwa a hankali?

Akwai, kuma shi ya fi ɓuya. Na tarin fuka yakan ɗauki mako biyu zuwa uku yana tafiya: zazzaɓi sama-sama, ciwon kai kullum, rama, canjin hali, yaro ya daina wasa, daga baya ido ya karkace ko mutum ya riƙa ganin abu biyu-biyu. Ya fi kama ƙananan yara da ke zaune da mai tarin fuka, kuma allurar BCG da ake yi bayan haihuwa tana rage shi sosai. Maganinsa yawanci wata 12 ne, biyun farko da magunguna huɗu, sauran goma da biyu.

Ɗayan kuma wani naman gwari ne mai suna kiriftokokas ke kawo shi, ya fi kama masu ƙanjamau da garkuwarsu ta yi ƙasa sosai. Zazzaɓi yana iya zama kaɗan, wuya ma bai sanƙare ba, ciwon kai ne kawai da ke ƙaruwa mako bayan mako. Akwai gwajin jini mai sauri da ke gano shi tun kafin alamomi su fito. A jinyarsa akan maimaita ɗibar ruwan baya sau da yawa, ba don gwaji ba, sai don a sauke matsin da ke barazana ga gani da rai, kuma akan jinkirta fara maganin ƙanjamau da mako huɗu zuwa shida, domin garkuwar da ta farfaɗo da wuri tana iya ƙara kumburin cikin kai.